Saniyar da Aka Ɗaura wa Hajjo

Bazarar bana ta zo da zafin da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga da tsakar rana. Tun makon jiya hadari yake haɗowa ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, a kwashe shanya a guje, a jera bokitai a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi kamar ba a yi ba. Cikin wannan hali ne Sa'ade, 'yar ƙanena, ta shigo mini jiya da hantsi, gumi sharkaf, waya a hannu.

"Goggo, wani ƙaramin banki ne zai ba mu jari, ina so in ƙara kayan shago. Mu biyar ne, kowa ta tsaya wa 'yar'uwarta. Sati-sati ake biya, ba wuya. Ki sa mini albarka kawai."

Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna. Ruwan randar ma ɗumi ne da shi. Tana sha ina kallonta, amma wallahi ba ita nake gani ba. Kalmomin nan biyu, "mu biyar" da "sati-sati", sun ɗauke ni sun dire a wata bazara da ta kusa shekara ashirin da wucewa, sun zaunar da ni kusa da Hajjo.

Lokacin Keffi tana cika tana batsewa. Jami'a ba ta daɗe da buɗewa ba, ga ma'aikatan Abuja da kuɗin haya ya koro, sun zo sun kama ɗakuna a nan, su fita da asuba su dawo da magariba a gajiye. Kowa ya ce kuɗi sun zo gari. Ni ina zaune a Liman Abaji, maigidana, Allah ya jiƙansa, masinja ne, albashinsa ba ya ganin tsakiyar wata. Sana'ata fura da nono a bakin titin Abuja. Ni nake daka furata, amma nonon na Hajjo ne.

Hajjo Bafillatana ce, rugarsu tana bayan gari, tafiyar da in ka fito bayan sallar asuba za ka iso kafin rana ta yi zafi. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana sai da ni. Ni kam ba ta raga mini. Da yake mu ma asalinmu Fulanin gari ne, sai ta riƙa ce mini, "Adda Rabi, Fillon soro, ko gaisuwa ba ki iya da yaren kakanninki ba." Ni kuma in ce, "Na ji, Fillon daji, auna mini dai kar ki cika ruwa." Ba ta taɓa sa wa nononta ruwa ba, shi ya sa nake iya tsokanarta da shi. Kindirmonta in ka sa ludayi sai ya tsaya.

Sai dai nonon ba na shanunta ba ne. Wata cuta ta shiga garken mijinta shekarun baya ta share shi, shi kuma ya tafi gadi a wajen masu gine-gine a Abuja, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Hajjo takan bi rugagen maƙwabta ta sari nono ta kawo gari. Bafillatana ba saniya, ke dai bari. Ba ta taɓa faɗa mini da baki ba, amma in garken wasu ya gifta mu muna zaune, sai ta daina magana har ya wuce.

Rannan ta zo tana dariya tun daga nesa, abin da ban saba gani ba. Ta sauke ƙwarya ta ce, "Adda, Kawu Buba ya ɗaura mini."

"Ya ɗaura miki me? Aure?"

"Ke dai ba ki san komai ba. Karsana ya ɗaura mini."

A nan ta yi mini bayani. Wata al'ada ce tasu da suke kira habbanaye. In ɗan'uwa ya rasa dabbobi, wanda yake da su sai ya zaɓi karsana mai kyau ya sa mata igiya ya kai masa. Za ta zauna a hannunsa har ta haihu, a wajen su Hajjo har sau uku. 'Ya'yan nasa ne, nonon nasa ne, uwar kuma a mayar wa mai ita. Ba takarda, ba shaida, ba ƙarin ko sisi. Amma saniyar amana ce. Ba a sayar da ita, ba a jinginar da ita, ana kula da ita fiye da ta kai. In ta mutu mutuwar Allah, ba a bin ka komai. Sunan karsanar Wule, saboda farin da ke goshinta, kuma tana ɗauke da cikin fari. Wannan cikin shi ne dukan garken Hajjo.

Da kaka ta yi, ni ma idona ya buɗe. Ma'aikatan nan in sun sauko daga mota abin da suke tambaya ɗaya ne: "Madam, akwai mai sanyi?" Na ga in na sami firiza da ɗan janareta, zan riƙa ƙulla nono a leda in sanyaya, kasuwa ta ninka. To ina jari? Adashenmu na unguwa ina ciki, amma kwasata sai bayan watanni, kuma abin da ake kwasa ko murfin firiza ba zai saya ba. Ma'aikata suna da ƙungiyarsu ta ofis da ke ba su rance a cire a albashi, amma maigidana ya riga ya ci nasa a gyaran rufin ɗaki. Babban banki na je sau ɗaya, aka ce in kawo takardar fili. Gidanmu na gado ne tun kaka da kakanni, takardarsa ita ce kowa ya san namu ne. Akwai wani attajiri a kasuwa da ke ba da kaya bashi, amma wanda ya karɓa a wajensa sai ya riƙa gaishe shi a durƙushe har abada, ni kuma gwiwata ba ta da wannan haƙurin.

Sai ga wani ƙaramin banki ya buɗe a gari, suna bin mata har gida. Ma'aikacinsu Malam Danjuma, mutum mai ladabi, kullum a kan babur da jaka a kafaɗa. Ya ce ba sa neman takardar fili. Mata biyar su haɗu, kowace ta karɓi nata, kowace ta tsaya wa sauran, a riƙa biya duk ranar Talata. Na tambaye shi ƙarin da ke kai, ya ce ba ruwa ba ne, kuɗin hidima ne. Na san sunan kawai aka canja, amma mai son abu ba ya tsawaita tambaya.

Mun haɗu mu huɗu, da ni, da wasu maƙwabtana biyu, da Lami mai gwanjo. Muna neman ta biyar Hajjo ta ji, ta ce ita ma a sa ta. Na ce, "Ke da kike daji me za ki yi da kuɗin banki?"

Ta ce, "Rani na zuwa, Adda. Garkuna za su gangara kudu, bakin Binuwai. Kawu ya ce in haɗa Wule da su. Amma cikin fari ne, tafiyar da nisa, kuma in ta haihu a can ban gani ba, ban sha ba. In na sami kuɗi zan sayi dusa da harawa in ajiye, ta ci rani a gabana. Sauran in ƙara sarin nono."

Magana ce mai kan gado. Har yau in na juya ta ban ga inda ta yi wauta ba.

Kafin a ba da kuɗi, Malam Danjuma yakan je ya ga inda kowace take da abin da ta mallaka. Ni na raka shi rugar. Bukka biyu ce, da 'yan kaji, da Wule a turke ƙarƙashin wani maɗaci, jikinta sumul yana sheƙi. Ya tsaya ya yaba, sannan ya juya ya ce, "Baiwar Allah, wannan taki ce ko?"

Hajjo ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Duk wanda ya san Fulani ya san wannan shirun. Ba a tambayar su dabbobinsu kai tsaye, kuma ta buɗe baki gaban baƙon namiji ta ce ba ni da ko ɗaya, wannan ma ɗaura mini aka yi, ya fi mata ciwo a kan a mare ta. Shi kuwa ya ɗauka kunyar amsawa ce irin ta mata, ya rubuta abinsa. Ni kuwa hankalina ya koma kan kaji, ban leƙa takardar ba, sai daga baya na san abin da aka rubuta.

Watannin farko, kai, abin ba a cewa komai. Firizata ta zo, unguwa ta taru kallo. Da yamma layi ake yi a gabana. Hajjo ta cika rabin bukkarta da buhunan dusa, ta ɗora harawa a kan rumfa. Duk Talata mu haɗu a zauren gidanmu, Malam Danjuma ya zo, kowa ta kwance bakin zane, a yi raha a watse.

Sannan rani ya shigo sosai. Garkuna suka gangara kudu kamar yadda suke yi kowace shekara, nono ya tafi tare da su. Wannan kowa ya sani, tun muna yara mun san nono yana da lokacinsa. Abin da ba mu lissafa ba shi ne Talata ba ta zuwa cin rani. Hajjo takan yi yawo ruga uku ta dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba, shi ma tsala. Firizata tana nan tana shan mai, ba abin sawa a ciki sai ruwa da zoɓo, su kuma kowa na sayarwa.

Ana cikin haka Lami mai gwanjo ta yi layar zana. An wayi gari ɗakinta a buɗe, ko tsintsiya ba ta bari ba. Wasu suka ce Mararaba, wasu suka ce ta koma garinsu. Ban zage ta ba a lokacin don baki ya mutu, amma daga baya na rama. Malam Danjuma ya zo ya zauna, ya cire hula ya share gumi, ya ce, "Ku yi haƙuri, iyayena. Kun san yadda muka yi. Nata ya dawo kanku."

Da muka watse ranar, Hajjo ta tsaya a ƙofar zaure ta ce mini, "Adda, ni ban taɓa sanin matar nan ba sai a gidanki. Ta yaya bashinta ya zama nawa?" Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Daga nan sai bazara ta sauka. Zafin shekarar ban taɓa ganin irinsa ba sai ko bana. Rijiyoyin unguwa suka ja baya, guga ya riƙa fitowa da laka. 'Yan garuwa suka ƙara kuɗi. Kwanon rufi yana ƙara da rana kamar ana taka shi, yara duk ƙuraje sun feso musu a wuya. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya, da rana a jiƙa garin rogo da ƙuli a sha a kwanta. Da hantsi in fita bakin titi, kwalta tana tururi, in zauna har la'asar, in dawo da cinikin da bai kai kuɗin man janareta ba. Daga Asabar nake fara ƙirga 'yan canjin da ke bakin zanena saboda Talata. Na sayar da tasoshin aurena ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyata ta sayar da keken ɗinkinta, wanda saboda shi ta karɓi rancen.

Hajjo ba ta da tasa, ba ta da keke. Dusa take da ita. Wata Talata na ga ta zo da buhu a ka, ta wuce kasuwa da shi, ta dawo da kuɗin biya. Na ce, "Hajjo, abincin Wule ne fa." Ta ce, "Ɗaya ne kawai, ruwa ya kusa." Talata ta gaba ma ɗaya ne kawai. Haka buhunan suka koma kasuwar da suka fito, a rabin kuɗin da ta saye su.

A da, ko rani ya kai ina, saniya ɗaya ba ta rasa abin ci a bayan Keffi. Akwai fadama, akwai karan gonaki, akwai itatuwan da ake sassabe wa ganye. Amma a shekarun nan ne aka yanka wajen filaye. Mutanen Abuja suna saya, a kafa duwatsun siminti, a ja waya ko a ɗora bulo layi uku a tafi a bar shi. Hanyar da shanu ke bi zuwa rafi, katanga ta gitta ta. Hajjo ta riƙa hawa maɗaci da kanta da adda, mace da girmanta, har ta aske shi tas. Da ganye ya ƙare sai ta fara sakin Wule ta nemi abin da za ta samu. Abin da ke kusa kuwa shi ne bolar sababbin gidaje.

Na je na gan ta a tsakiyar bazarar. Wallahi sai da na yi hawaye. Saniyar nan mai sheƙi ta koma ƙashi da fata, haƙarƙari a waje, ga ciki ya yi gaba tim. Muka ce ai ɗan ne yake girma. Hajjo tana shafa farin goshin tana yi mata magana da Fulatanci a hankali. Ta ce mini, "Kwana kaɗan ya rage. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, ta haihu, shi ke nan mun tsira." Kullum da yamma hadari yakan haɗo, mu ɗaga kai, iska ta kwashe shi. Har addu'ar roƙon ruwa aka fita.

Da muka kasa cika kuɗin Talata sau biyu a jere, Malam Danjuma ya zo ba fara'a. Ya ce ofis sun matsa masa, za a fara ɗaukar abin da kowace ta nuna. Ya ce a wajen Hajjo saniya ce a rubuce, kuma ita kaɗai in an sayar za ta rufe abin da ya rage a kanmu duka. Maƙwabtana biyu suka kalli juna, na ga idonsu ya yi haske. Ban ga laifinsu ba, yunwa ce.

Hajjo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ba tawa ba ce."

Na yi masa bayanin habbanaye tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Mama, ni na yarda. A garinmu ma ana ba da akuya kiwo. Amma ofis ba su san wannan ba, kuma ranar da na tambaye ta ba ta musa ba." Ya ba mu zuwa Talata mai zuwa.

Ba a kai Talatar ba. Ranar Lahadi da rana tsaka wata mata daga rugar ta zo mini a guje, ta ce Wule ta faɗi ta kasa tashi. Na ja mayafi, na biya ta mahauta na ɗauki Ɗan'asabe mahauci, muka hau babura. Mun same ta kwance a gindin maɗacin da ba ganye, rana na dukanta, numfashi sama-sama, kumfa a baki. Hajjo ta cire gyalenta ta riƙe mata shi a kan fuska tana yi mata inuwa.

Ɗan'asabe ya zagaya ta, ya danna cikin da hannu, ya girgiza kai. Ya ce, "Wannan ba za ta kai la'asar ba. In za a sa wuƙa a sa yanzu, in ba haka ba mushe ce, ko fatar ba mai saya."

Hajjo ta ce, "Ɗan fa?"

Ya ce, "Baiwar Allah, ɗan ya riga ta."

Ta ci gaba da riƙe mata gyalen. Kawu Buba yana can bakin Binuwai, ba waya a lokacin a hannun makiyaya, ba wanda za a tambaya. Daga ƙarshe ta kwance igiyar daga wuyan saniyar, ta naɗe ta a hannu, ta shiga bukka ta ja asabari. Ɗan'asabe ya yi bisimilla.

Ni na tsaya aka feɗe. Da ya tsaga tumbin, abin da ya fito ba abinci ba ne. Leda ce, dunƙule guda, ta murɗe ta haɗe ta yi tauri, sai da ya sa hannu biyu ya ɗago ta. Baƙar leda, farar leda, ta ruwan sha, ta burodi, da irin wadda duk muke ƙulla kaya a ciki, har da ni. Rabin girman cikin da muke murna da shi, ita ce. Ɗan kuma mace ce, ta gama haɗuwa tsaf, har da ɗan fari a goshi irin na uwar. Na ce a rufe ta da buhu kafin Hajjo ta fito.

Naman ba wani nama ba ne, kuɗin da Ɗan'asabe ya bayar ko sulusin kuɗin saniya bai kai ba. Amma da zai toshe mana bakin banki na makonni, har ruwa ya sauka nono ya dawo. Wannan lissafin na yi shi tun a kan babur, ba zan ɓoye ba. Na kai mata kuɗin cikin bukka, na zauna, na ce, "Hajjo, Allah ya mayar da alheri. Kin ce in ta mutu ba a bin ki komai. To ga wannan, jibi Talata."

Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane tare da igiyar. Ta ce, "Da ta mutu da kanta, ba a bi na komai. Amma an yanka, an sayar. Kuɗin naman Wule ne, Wule kuwa ta Kawu ce."

"Kawun yana da garke! Mu me muke da shi? Firizata za su ɗauka, Hajjo!"

"Na sani, Adda."

"Shi bai ma san an yi ba!"

"Ni na sani."

Na yi fushi, fushi mai tsanani, na fita ban yi mata sallama ba. Har yau in aka ce in rantse wace ce mai gaskiya tsakaninmu a ranar, ba zan iya ba. Ita amana take gani, ni kuma 'ya'yana nake gani.

Washegari ta hau motar kudu da igiya da kuɗin. Ranar Talata aka zo da a-kori-kura aka ɗauki firizata da janareta, unguwar da ta taru ranar da aka kawo su ita ta taru ranar da aka fitar. Malam Danjuma bai iya haɗa ido da ni ba. Abin da ya rage muka yi ta biya da kuɗin adashe har bayan sallah. A makon ne ruwa ya sauka, mai yawa, har soron maƙwabta ya zube. Kafin sati biyu gindin maɗacin nan ya yi kore shar.

Daga baya na ji yadda ta kaya a can. Kawu Buba ya karɓi igiyar, ya karɓi kuɗin bai ƙirga ba ya tura ƙarƙashin tabarma. Abin da ya tambaya kawai shi ne ɗan mace ne ko namiji. Da ta faɗa masa sai ya juya baya. Ya yi mata alkawarin in garke ya farfaɗo zai sake ɗaura mata wata. Garken bai farfaɗo ba. Shekara biyu bayan nan su Kawu suka tashi gaba ɗaya suka yi nisa, shi ma ya rasu a can. Inda rugar su Hajjo take a da, yanzu gidajen kwanan ɗalibai ne.

Mun shirya da ita, ba wanda ya ba wani haƙuri. Wata rana kawai na ga ƙwarya a ƙofata, na ce, "Fillon daji," ta ce, "Fillon soro," shi ke nan. Ta biya rabonta na bashin har ƙarshe, da itacen da take sarowa. Amma ba ta ƙara mallakar ko ɗan maraƙi ba, ni ma ban ƙara sayen firiza ba.

Duk wannan na ba Sa'ade jiya. Ta saurara, ta ce, "Allah sarki. Amma Goggo, yanzu ai ba haka ba ne, komai a waya ake yi." Na tambaye ta ko ta san sauran huɗun. Ta ce biyu ta sani. Na tambaye ta, tunda ɗalibai ne masu cinikinta, in sun tafi hutu, ko an shiga yajin aiki, wa zai sayi kayan shagon. Ta ce, "To Goggo, in ban karɓa a nan ba, a ina zan samu?" Na sa mata albarka ta tafi, kuma na san za ta karɓa.

Da la'asar na kasa zama, na fita kasuwa ko zan ga Hajjo. Tana nan da ranta, ta tsufa, tana haya a wani ɗaki a Tudun Ƙofa, har yanzu tana ɗaukar ƙwarya. Ban same ta a inda take zama ba. A layin masu kayan shayi na hango ta, a tsugune gaban wani shago, mai shagon yana auna mata madarar gari daga babban buhu. Ita take kwaɓawa da ruwan ɗumi ta kwana, da safe ta zuba a ƙwarya ta rufe da faifai ta fito da ita a matsayin nono. Na daɗe da sani, ba mu dai taɓa yin maganar ba.

Ta ɗago ta gan ni. Na ga hannunta ya kai ga gyale zai ja, irin jan da ta yi a gaban Malam Danjuma, sai kuma ta fasa. Ta dafa buhun madarar, ta ɗan bubbuga shi a hankali yadda take yi wa wuyan Wule.

Ta ce, "Adda Rabi, zo ki gai da saniyata. Wannan ba ta cin leda."

Na so in yi dariya don in taya ta, amma ta ƙi fitowa. Na tsuguna na kama mata bakin ledar, mai shago ya ci gaba da aunawa.